Kaset ɗin Mahaifina na Sudan: Zan Iya Sayar da Waƙoƙin?

TAMBAYA: Malam, mahaifina ya yi karatu a Khartum, ya rasu ya bar akwati cike da kaset da faifan garmaho na mawaƙan Sudan da Masar. Wasu sun fara fumfuna. Wani dillali ya ce in sa hannu a takarda ya kai Turai a sake buga su. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗan'uwa, kada ka sa hannu.

Batun fumfuna gajere ne: kar ka shanya su a rana, kar ka kunna su a rikoda, ka ajiye a ɗaki mai sanyi marar laima har a samu wanda ya iya kwafe su zuwa kwamfuta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da nake ji kullum, wai tsohuwar waƙa ba ta da mai ita. Wa ya ce? Robar kaset ɗin ce gadonka. Waƙar da ke ciki ta mawaƙin ce, ko magadansa, wani lokacin da kamfanin da ya ɗauke ta. Dillalin nan ya san haka sarai. Sa hannunka yake nema don ranar da iyalan mawaƙi suka taso, a ce kai ka sayar. Irinsu ne ke kwafe kaset su ɗora a YouTube suna karɓar kuɗin talla, alhali tsohon da ya busa ƙahon yana can bai da kuɗin magani. Sai su ce maka ai taimakon tarihi suke yi. Wane irin taimako ne ba a sanar da mai abu ba?

Dubi yadda masu yi da gaskiya suke yi. Habibi Funk, kamfanin sake buga tsofaffin waƙoƙi na Balin a Jamus, wanda Jannis Stürtz ya kafa a 2015, ya sha wahalar neman iyalan Fadoul, mawaƙin Maroko, a Kasabalanka kafin ya fitar da waƙoƙinsa. Ahmed Malek na Aljeriya ya rasu tun 2008, sai da aka je wurin 'yarsa. Kamal Keila da Sharhabil Ahmed na Sudan da kansu aka yi yarjejeniya. Riba kuma rabi da rabi ake yi da mawaƙi ko magadansa. Wanda bai nuna maka irin wannan takarda ba, ka sallame shi.

Akwatin kuwa ka riƙe shi da kyau. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya shiga har ginin rediyon Omdurman, inda aka ɗauki yawancin waƙoƙin Sudan, don haka kwafin da ke hannun mutane ya ƙara daraja. Ka ɗauki hoton bangon kowane kaset gaba da baya, ka rubuta sunan mawaƙi da kamfani da shekara, sannan ka aika wa kamfanin sake bugawa da kanka, ba ta hannun dillali ba.