Man dusar shinkafa da ƙwaƙwalwar dabba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko man dusar shinkafa zai rage wa jajayen awakinka firgici, ya ƙara musu tuna abu.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Man na ɗauke da sinadarin gama-orizanol da bitamin E, masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. An ba ɓerayen da aka takura orizanol, tsoronsu ya ragu, wasu kuma suka fi tuna abin da suka taɓa gani. Sai dai ɓera daban, akuya mai tuƙa daban, tumbinta ba ya son mai da yawa.

Ni abin da ya fi damuna, dusar na saurin yin wari saboda man cikinta, balle da zafin bazararmu nan Maradi. Sayi kaɗan-kaɗan, ka shinshina, sannan ka haɗa musu da harawa.