Tambaya da Amsa: Wane Naɗi Ya Dace da Gindin Sandar Sinuka a Zafin Sakkwato?

Wasiƙun da suka zo wa wannan shafi a watan nan yawancinsu daga Sakkwato suke, kuma kusan duk a kan abu guda: wurin da hannun baya yake riƙe sandar sinuka. Bazara ta kama, gumi ya fara tona asirin sanduna. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutum ne mai zufa ga hannu ƙwarai. Da an shiga watan huɗu sai sanda ta dinga sulɓe mani, in na matse ta kuma bugu ya karkace. Ina son in sayi tawa ta kaina. Mai shago ya nuna mani mai zare, da mai fata, da mai roba, da wadda ba a naɗa ma komi ba. Wacce zan ɗauka?
Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka riga ka gano rabin maganar da kanka. Amfanin naɗi shi ne ya ba ka damar riƙe sanda sako-sako ba tare da fargabar za ta kuɓuce ba. Da zarar ka damƙe ta, wuyan hannu ya sandare, gwiwar hannu ta ja gefe, kan sanda ya kauce daga inda ka auna a jikin farar ƙwallo. Saboda haka tafin hannunka ne zai yi zaɓin, kada ka bar wa ido.

Ga mai gumi irinka, zare muke ba da shawara, amma zaren lilin na gaske, wanda masu sanduna ke kira lilin ɗan Ailan. Daga zaruruwan wani tsiro ake yin sa, yana shan ruwa, yana saurin bushewa, kuma jiƙewa ba ta rage masa ƙarfi. Idan an naɗa shi ana shafa masa sitaci a danne shi har ya kwanta sumul, don haka ba shi da kaushi, amma gumi ba ya taruwa tsakaninsa da hannu. Aibinsa ɗaya, shan dauɗa. Fari mai ɗigon kore ko shuɗi yana da kyau a shago, amma alli da ƙurar garinmu ba za su bar shi ya yi wata biyu da haskensa ba. Ɗauki baƙi mai ɗigon fari.

Sai dai ka lura, yawancin sanduna masu araha zaren lailon ake naɗa musu. A ido kamar lilin, amma lailon ba ya shan gumi, ruwan a samansa yake zama. Za ka gane shi da ƙyalli da santsi. Wasu ma an bi zaren da shafen ƙyalli an rufe shi gaba ɗaya, ado kawai ya zama. Ja farce a hankali a kai: in ba ka ji layin zaren ɗaya bayan ɗaya ba, to hannunka ba zai taɓa zaren ba ko kaɗan.

Fata ta fi daɗin riƙo ga mai busasshen hannu, tana ɗan kama tafi, tana kuma jimawa. Mai sumul ɗin ce ke zama santsi in ta jiƙe. Wadda aka buga wa zane irin na fatar ƙadangare ta fi ta riƙo. Roba kuwa ta fi kowanne kamu, shi ya sa aka fi sa ta a sandar fasa ƙwallaye, wadda ake bugawa da ƙarfi. Amma a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, roba mai araha takan yi danƙo, ta kwashi ƙura, daga baya ta fara ɓarewa. Wadda ba ta da naɗi ita ce mafi sauƙin kulawa, goge kawai, sai dai mai ita ba ya rabuwa da tawul a kafaɗa.

Kafin ka biya, yi wannan gwajin. Riƙe sandar minti biyar da rana, lokacin da hannunka ya jiƙe, da yatsu uku kawai, ka yi ta kai da komo kamar za ka buga. Wadda ba ta zame ba kuma ba ta manne ba, ita ce taka. Nauyi kuwa, sandunan nan tsakanin oza 18 da 21 suke, tsawonsu inci 58. Oza 19, wato kimanin giram 540, ta ishi mai farawa.

Tambaya: Ina da tebur uku. Yaran da ke wasa suna naɗa ma sanduna robar tayar babur ko baƙin salatif na masu wayarin, wai don riƙo. Akwai illa ga wanga abu?
Daga mai gidan sinuka, Mabera

Amsa: Akwai, Alhaji. Salatif ɗin masu wayarin gam ɗinsa ba ya jure zafi. Yakan narke ya tsatso ta gefe, ya hau hannu, daga hannu ya sauka a kan ƙyallen tebur, kuma ka fi mu sanin kuɗin sake shimfiɗa ƙyalle. Robar taya kuwa kauri take ƙarawa. Ko da milimita 1 ce, ta zagaye sanda ta ƙara mata milimita 2, inda ta hau kan juna kuma ninki biyu. Gindin da ya kamata ya tsaya wajen milimita 30 sai ya cika hannu, mai bugu ya koma damƙa. Ga nauyi: robar da ta rufe santimita 30 tana iya kai oza guda ko fiye, duk a baya. Ma'aunin sanda, wato inda take tsayawa daidai in ka ɗora ta a yatsa, yana wajen inci 18 zuwa 19 daga ƙarshen gindi. Nauyin robar zai ja shi baya, kan sanda ya riƙa ɗagawa daga hannun gaba.

Sandar haya, wadda hannu ashirin ke riƙewa a rana, gara a bar ta babu naɗi. A kware robar, a cire ragowar gam da ɗan tsumma mai digon man gyaɗa, a bi da tsumma mai ɗan danshi, a busar nan take. A rataye tawul kusa da kowane tebur. In dole sai an sa wani abu, a nemi siririn naɗin da 'yan wasan tanis ke sa wa raket, kaurinsa wajen rabin milimita ne. Guda ɗaya zai rufe kimanin santimita 20, wanda ya ishi wurin hannu, kuma in ya yi dauɗa a sauya shi cikin minti biyu.

Tambaya: Ga mu cikin garin fata. Me zai hana in kai sandata wurin baduku ya naɗa mata fatar jar akuya maimakon in jira ta waje?
Daga wani ma'aikaci, Arkilla

Amsa: Babu abin da zai hana, Malam, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ba ta buƙatar talla. Ita ce aka yi ɗaruruwan shekaru ana kaiwa ta hamada har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Ƙwayarta matsattsiya ce, tana da ƙarfi ko da an sirantar da ita. Sai dai aikin sanda ba aikin filo ko jaka ba ne, akwai abubuwan da dole ka tsaya a kansu da badukun.

Na farko kauri. A gindin sanda mai naɗi an rarake wani gurbi mai tsawon kimanin inci 12, zurfinsa wajen rabin milimita, don naɗin ya kwanta daidai da fuskar katako. Fatar akuya yadda take fitowa daga majema ta fi haka kauri, kuma ba daidai take ko'ina ba. Sai an fere ta ta ciki har ta dawo milimita 0.5 zuwa 0.6. In ta yi tudu a bakin gurbi, gefen zai riƙa kama aljihun jaka da yatsa har ya ɓanɓare. In sandarka tun asali ba ta da gurbi, to sai an kai ta wurin mai injin juya katako, irin masu ƙafafun kujera, kuma sanda mai tsada ba mu ba da shawarar a gwada wannan a kanta ba.

Na biyu rini. Jeme da bagaruwa yana da kyau, amma jan karan dafi da rinin kanti duk suna iya zuba in gumi ya taɓa su. Jiƙa farin tsumma ka goga da ƙarfi sau goma. In ya ɗauki launi, tafinka ma zai ɗauka, daga nan kuma farar riga. Haka nan fatar da aka jeme da bagaruwa tana yin baƙin tabo in ƙarfe ya taɓa ta da danshi, don haka kada a ɗora mata almakashi ko wuƙa tana jiƙe. A guji wadda aka cika wa mai, gam ba ya kama ta.

Na uku yanka. A ɗauko daga tsakiyar baya, tsawon naɗin ya bi tsawon gadon bayan akuyar. Fatar ciki tana miƙewa, za ta yi sako-sako daga baya. Sanda kuma ba kauri ɗaya ba ce, tana ƙaruwa zuwa gindi, don haka ba murabba'i za a yanka ba. A zagaya siririyar takarda a saman gurbi da ƙasansa a auna. Misali, in kaurin sama milimita 27 ne, zagayensa wajen 85 zai kama, in na ƙasa 30 ne, wajen 94. A ƙara milimita 5 a kowane gefe.

Sannan aikin kansa. A kware tsohon naɗi, a kankare tsohon gam har katako ya fito, a rufe shafen ƙyalli na sama da ƙasa da salatif na takarda. A ja miƙaƙƙen layi da fensir a tsawon gurbi. A shafa gam ɗin masu takalma, irin su Evo-Stik, siriri a katako da cikin fata, a jira har ya daina bin yatsa. A zafin nan bai fi minti biyar zuwa goma ba. A fara manna tsakiyar fatar a bayan layin, a bi da ita zuwa gefe biyu ana murzawa da babban yatsa, ba tare da ja ba. Inda gefuna suka hau juna, a ɗora rula ta ƙarfe a yanke su tare da sabuwar reza, ja guda, a zare ragowar ta sama da ta ƙasa, a haɗa bakin. Yanka biyun tare shi ke sa mahaɗar ta ɓace. A murje da santsin kwalba, a bar ta kwana guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan fata lokacin mannawa. Ranar za ta yi kyau, amma da hunturu ya busa za ta koma yadda take, mahaɗa ta buɗe baki. Sufa gulu kuma kada ya kusanci wurin, yana ratsa fata ya sandarar da ita.

Tambaya: Manyan 'yan sinuka da muke gani a talabijin ba su da naɗi ga sandunansu. Ke nan naɗi banza ne?
Daga wani mai kallo, Gawon Nama

Amsa: Wasan ne ya bambanta. Nasu tebur ƙafa 12 ne, ƙwallaye 22, sandarsu siririya, kanta wajen milimita 9 zuwa 10, kuma al'adarsu gindi na baƙin katako ne zalla. Wanda aka fi bugawa a unguwanninmu mai ƙwallaye 15 da fara ne, sandunansa na tsarin Amurka kansu milimita 12 zuwa 13, su ne aka saba yi wa naɗi. Ka tuna kuma su a ɗaki mai sanyi suke wasa, duk da haka za ka ga suna goge sanda da tawul tsakanin bugu.

Tambaya: Zaren sandata ya saki tun cikin hunturu, yana juyawa in na riƙe, bakinsa na ƙasa ya fita. Ana gyarawa ko sai sabo? Kuma da mi ake wanke shi?
Daga wani matashi, Minannata

Amsa: Iskar hunturu ce ta busar da katakon ya ɗan tsuke, gam ɗin ƙarƙashi kuma ya saki. In zagaye uku ko huɗu ne kawai suka warware, ɗan'uwa, ɗiga farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, da tsinken sakace, mayar da zaren a matse, cusa bakin cikin ƙaramin ramin da ke bakin gurbi, ka toshe da guntun tsinken. In duka naɗin ke juyawa, sai sabo.

Gurbi mai inci 12 yana cin zare kusan yadi 50, zagaye fiye da 400. Masu sana'ar da inji suke yi, amma mutum biyu masu haƙuri za su iya da hannu: ɗaya yana juya sanda a kan matashi biyu, ɗaya yana riƙe zare da ja iri ɗaya, yana tura kowane zagaye jikin ɗan'uwansa da farce. Kada a shafe gurbin duka da gam lokaci guda, zai bushe kafin a isa rabi. Inci biyu-biyu ake shafawa, siriri, don in ya yi yawa zai tsatso tsakanin zaren ya bar tabo. In an gama, a fesa ɗan sitaci irin na masu guga, a matse naɗin tsakanin faffaɗan katako biyu masu santsi ana juya sanda har zaren ya kwanta ya yi sheƙi. Wanda ya tsallake wannan matakin zai ga zare ya yi gashi-gashi cikin mako biyu. In kana shakkar zaren da aka sayar maka, ƙona ɗan bakinsa: lailon narkewa yake ya dunƙule, lilin kuwa toka yake zama da warin ƙonanniyar takarda.

Wanki kuma, tsumma mai ɗan danshi, a bi zagayen zaren, kada a bi tsawon sanda, a busar a inuwa. Omo da fetur da kananzir duk suna kashe gam. Hodar da ake barbaɗa wa hannun gaba kada ta hau hannun baya, don in ta haɗu da gumi tana toshe zaren ya daina shan ruwa. Sandar kuma a daina barin ta cikin mota da rana ko jingine da bango. A sa ta cikin jakarta, a ajiye a ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma.