Karatu, Nazari ko Bincike? Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Malam, ina koyon fassarar labarai daga Turanci, kalmar "study" kuma tana ba ni wahala. An ce mini ma'anarta karatu, amma wani wurin in na sa karatu sai jimlar ta ƙi zama. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, kunnenki bai yaudare ki ba. Bature ya ɗora wa kalma ɗaya kaya da yawa, mu kuwa kowane kaya da mai ɗaukarsa.

In maganar zaman makaranta ake yi, karatu ne: "Tana karatu a Jami'ar Ahmadu Bello." Amma da zarar za ki ambaci fannin, to ki lura da wasalin ƙarshen aikatau. "Ya karanta tarihin" na nufin ya buɗe takarda ya bi abin da aka rubuta, wataƙila cikin sa'a guda. "Ya karanci tarihi" kuwa shekaru ya yi a kan fannin. Wannan siga mai -i ita ce ke ɗauke da zurfi, shi ya sa ake cewa "na karanci mutumin nan", wato na lura da shi har na gane halinsa. In wakilin suna ya biyo baya, sai -i ta koma -e: "na karance shi". Kada ki haɗa ta da "ya karance littafin", wato ya cinye shi kaf. A rubutu kamanninsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su.

In kuwa zama aka yi ana auna wani abu da hankali, nazari ne. Asalin kalmar Larabci ne, daga tushen da ke nufin dubawa. In an ce kwamiti zai yi wa rahoto abin da Bature ke kira "study", ki rubuta "zai yi nazarin rahoton". Kika ce "zai karanta rahoton", kin rage masa aiki. Da wannan ma'ana aka raɗa sunan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne labaran lafiya da kimiyya. Sai ki ji an ce "wani karatu ya nuna cewa", alhali karatu ba ya nuna komai a Hausa. Abin faɗi shi ne "wani bincike ya nuna". Ga ma'auni mai sauƙi: in an fita an tattaro bayanai, an yi gwaji ko an tambayi mutane, bincike ne, in abin yana nan a gabanka ka zauna kana juya shi, nazari ne.

Akwai kuma "study" na ɗaki. Ɗakin karatu ne, sai dai ki ƙara "na gida", don kada a ɗauka laburare kike nufi.

Shirin jarrabawa, in maimaita abin da aka riga aka koya ne, bita ake cewa. Masu karatun allo ma sun fi mu rarrabewa, suna da hadda da tilawa da tishe, kowace da muhallinta. Sana'ar hannu kuwa ba a karatunta: koyon ɗinki ake yi, koyon tuƙi, koyon ƙira. Nan ma a kiyaye, "na koyi ɗinki" ni ne ɗan koyo, "na koya masa ɗinki" ni ne maigidan.

Tambaya: Malam, "karatu, farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma". Me ya sa ba a ce "mai ɗaci" ba? Daga wani malamin firamare a Maraɗi.

Amsa: Malam, domin maɗaci a nan suna ne, ba sifa ba. Babban itace ne da ake sassaƙar ɓawonsa a jiƙa don magani, kuma ɗacinsa ya shahara har ana misali da shi. Mai maganar ya ajiye abin lasa biyu ne gefe da gefe, maɗaci da zuma. Kuma da alama ba a banza aka zaɓi maɗaci ba, tunda abu ne da ake daurewa a sha saboda amfaninsa.

Sannan ka lura da -ka ɗin da ke "farkonka" da "ƙarshenka". Da karatun kansa ake magana, kamar yana tsaye a gabanka, wanda kuwa salon kirari ne. Masu mayar da shi "farkonsa" da "ƙarshensa" ba su ɓata ma'ana ba, amma sun cire kirarin. In za ka rubuta wa yara a allo, ka sa wa ɗ lanƙwasarta, don in ka bar ta "madaci" yaran ba za su ji dangantakar sunan da ɗaci ba.