Indiyawa Masu Rawani Da Gemu: Su Wane Ne?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko Indiyawan nan masu rawani da dogon gemu Musulmi ne. A'a, ba Musulmi ba ne, ba kuma mabiya addinin Hindu ba ne. Sikh ake ce musu, addininsu mai zaman kansa ne. Shekara uku na yi ina karatu a jihar Punjab, inda can ne tushensu, kuma rabin ajinmu su ne.

Guru Nanak ne ya kafa addinin. An haife shi a 1469 a wani gari da yanzu ya faɗa cikin Pakistan. Jagorori tara suka gaje shi, na ƙarshensu Guru Gobind Singh ya ce bayansa littafinsu Guru Granth Sahib ne jagora. Sun yarda Ubangiji ɗaya ne, suna kiran sa Waheguru, ba sa bautar gunki. Sai dai sun yi imani rai yana sake dawowa duniya cikin wani jiki, kuma ƙona gawa suke yi. Ka ga nan hanyarmu ta rabu da tasu nesa ba kusa ba.

Rawanin kuwa gashi yake rufewa, don wanda ya shiga addinin sosai ba ya aski har ya mutu. Tun 1699 aka ɗora musu alamomi biyar: barin gashi, mataji na katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando da 'yar wuƙa. Maza suna ƙara Singh a sunansu, ma'ana zaki, mata kuma Kaur.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ciyarwarsu, wadda suke kira langar. Na je babban wurin ibadarsu na Amritsar, mai rufin zinare. Aka ce in cire takalmi, in rufe kai, in wanke ƙafa. Aka jera mu a ƙasa sahu-sahu, attajiri kusa da mai tura keke, ana zuba wake da gurasa da shinkafa. Ba wanda ya tambaye ni addinina ko kuɗi. Dubban mutane ake ciyarwa dare da rana, masu dafawa da masu wanke kwanuka duk aikin sa kai suke yi. Wani dattijo mai farin gemu ne ya karɓi kwanona da hannu biyu. Wallahi na daɗe ina tunanin almajiranmu bayan na fito.

A ƙasashen waje sun fi yawa a Kanada, inda ƙidayar 2021 ta nuna sun haura dubu 770, sai Ingila da Amurka. Wannan rawanin ya ja musu wahala: kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka harbe wani Sikh mai suna Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke jihar Arizona ta Amurka, makashin ya ɗauka Musulmi ne.

In ka yi maƙwabtaka da su, kada ka miƙa musu taba, haramun ce a wurinsu. Masu riƙo da addinin sosai kuma ba sa cin yankanmu, don haka in za ka kai musu abincin sallah, kai musu wanda ba nama.