Batirin zuciya mara waya: amsa ga dan uwanmu direban bas a Ingila

Dan uwa na ga sakonka, Allah ya kara sauki ya sa kaffara ne. Kace shekarun da kayi ana maka wankin koda sun toshe jijiyoyin saman kirjinka, yanzu kuma bugun zuciya yayi kasa, likitoci sunce sai batiri mara waya, wato 'yar na'urar da ake sakawa ta daidaita bugun zuciya, kai kuma hankalinka na kan biza da aiki da zuwa Kano da babbar Sallah.

Ni dai shawarata ka yarda a saka. Wanda aka saba dashi waya ake zurawa ta jijiyar kusa da kafada har cikin zuciya, to taka ta toshe, wadda ta rage kuma ita ake tattalawa saboda wankin kodar, ga kwayoyin cuta da kan bi wayar su shiga jini. Shi mara wayar, irin Micra na kamfanin Medtronic da aka amince dashi a Amurka tun 2016, girmansa kamar kafson magani ne, ta jijiyar cinya ake turashi ya makale cikin zuciyar, ba sai an tsaga kirji ba kuma batirin yakan haura shekara 10.

Maganar biza kwantar da hankalinka, kudin lafiyar da ka biya lokacin nemanta ya rufe wannan aikin a NHS, wato asibitocin gwamnatin Birtaniya. Kawai ka karbi takardar likita ka mikawa wajen aiki.

Tuki ne abin lura. Dole ka sanar da DVLA, hukumar da ke bada lasin tuki a can, bayan an saka karamar mota sati 1 zaka huta, bas kuma sati 6. Amma dan Allah ka tambayi likitan kai tsaye, mai daidaita bugu ne kawai ko mai bada shokin lantarki in bugun ya rikice, domin in mai shokin ne lasin din bas ya tafi kenan, gara ka sani tun yanzu.

Sallar bana kam ka hakura har ayi maka dubawar farko. Na'urar da ke karanta batirin ta kamfaninsa ce, ba kowane asibiti ke da ita ba, don haka kafin ka yanki tikiti ka sa a tambaya maka ko akwai ta a asibitin Malam Aminu Kano, a kuma kama maka layin wankin koda, kudin can daga aljihunka zai fito. Katin batirin kar ya rabu da fasfo dinka, a filin jirgi ka nuna shi.

Hajiya kuma ka kirata da kanka ka fada mata, kar taji a bakin wani.