Amsar tambayarka kan tsohon ud da wanda sabon shiga zai fara da shi

Wa alaikumus salam ɗana, naji saƙon muryarka, na ce gara in rubuta maka don ka riƙa komawa kana dubawa. In na fahimta tambayarka biyu ce, ta yaya zaka gane ud, itacen turaren wuta, da aka ce maka ƙadim ne da gaske tsoho ne, sannan zabun, wato mai saye, da bai taɓa ƙona ud ba in ya shigo mahalli, wato shago, da riyal 100 ko 200 wanne zaka miƙa masa, har kace kai ma kana so ka sayi naka na ɗaki. Toh madalla, Allah ya ƙara basira.

Abu na farko, ka daina yarda da rubutun kwali. Ƙadim, mu'attaƙ wato wanda ya daɗe a ajiye, shekara 30, duk wanda ke da na'urar buga takarda zai rubuta. Kuma tsufan itace daban tsufan mai daban, yawancin yaran kasuwa nan suke ruɗewa.

Bishiyar ud ana ce mata akwilariya, tana fitowa a Assam ta Indiya, Silhet ta Bangladash, Kambodiya, Biyetnam, Lawos, Tailan, Maleshiya da Indonesiya. In lafiyarta lau itacenta fari ne sakayau ba nauyi ba ƙamshi, sai in ta ji rauni, ƙwaro ya huda ta ko iska ta karya reshe ko an sare ta, cuta ta shiga wajen, sai ta fara zubo wani baƙin ƙaro a cikin jikinta don ta kare kanta, to wannan ƙaron da ya jiƙa itacen shine kuɗin, shine ud. Kaga kenan shekarun da muke nema su ne waɗanda ƙaron yayi yana taruwa a cikin bishiya tun tana tsaye a daji. Da an sare an feƙe an kawo Jidda magana ta ƙare, ka ajiye shi shekara 20 a durowa bushewa zai yi ya ɗan kwanta, amma guntun da ya zo da ƙaro kaɗan ba zai wayi gari ya zama dabul sufa mai babbar daraja ba.

Abinda yasa manya suke kuka da kayan da, a lokacin daga daji ake saro tsofaffin bishiyoyi, yanzu na dajin ya yi ƙaranci sosai har yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa babban nau'in akwilariya cikin itatuwan da sai da izini ake fitarwa tun 1995, aka ƙara da sauran danginsa a taron 2004. Yawancin abinda ke shigowa yanzu na gona ne, mazru'u, ana huda bishiyar a zuba mata magani, a Silhet ma ƙusoshi suke kakkafa mata, bayan ƴan shekaru a sare. Ba haramun bane kuma ba jabu bane, ud ne, sai dai ƙaronsa a sama-sama yake kuma ƙamshinsa baya nisa. Laifin shine a sayar da shi da sunan na daji.

Yanzu in guntu ya zo hannunka. Ka fito da shi bakin ƙofa wajen hasken rana, fitilun mahalli suna ƙara wa kaya kyau. Na asali kalarsa bata zama ɗaya, zaka ga jijiyoyi baƙaƙe suna bin tsawon itacen, nan duhu nan ruwan ƙasa nan haske. In ka ga baƙi wuluk ko'ina yana sheƙi toh ka tsaya tukuna. Ka samu farin ƙyalle ka ɗan jiƙa ka murza, mai fenti zai bar maka shaida. Sannan ka karya, ko ka ɗan fere gefe da wuƙa, cikinsa ya kamata yayi kama da bayansa, in waje baƙi ciki fari fat an yi masa kwalliya ne kawai. Ka shinshina shi a sanyi kafin wuta, na asali ƙamshinsa kaɗan ne sai ka kai hanci sosai, wanda kuwa tun daga buɗe leda ya cika wuri an fesa masa turare.

Nauyi ma shaida ne, ƙaro ya fi itace nauyi shi yasa wanda ya ƙoshi sosai yake nutsewa a ruwa, shine suke ce wa gaɗɗas kuma shine mai tsadar gaske. Amma dan Allah kar ka rantse da nauyi, tunda a kan sikeli ake sayarwa akwai masu huda babban guntu su cusa dalma ko ƙasa su toshe da gam da garin ud, baka gani sai ka fasa. Duk guntun da nauyinsa ya wuce abinda idonka ke gani na ƙaro, ka duba shi da kyau ka nemi wurin liƙi.

Wuta ce alƙali, kuma nan nake so ka fi maida hankali don naga yadda kake yi a mahalli, kana ɗora ud gawayi na ja zur yana tartsatsi. A'a ɗana. Ka bari gawayin ya kama duka har farar toka ta rufe shi, sannan ka ɗauki ɗan ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa da matsefi ka ajiye a gefen garwashin ba tsakiya ba. Ka zuba ido, zaka ga man ya fara fitowa yana tafasa yana ƴar kumfa a jikin itacen, hayaƙin ya taso a hankali baya sauri. Kar ka kifa fuska a kan mabkara, wato kaskon turaren, ka riƙe ta nesa kaɗan ka jawo hayaƙin da hannu. Na kirki baya yajin ido baya shaƙe maƙogwaro, kuma ƙamshin yana canzawa, na farko daban na tsakiya daban. Kumfar kaɗai ba hujja bace don muhassan, wato itacen da aka ƙara masa ƙaro, wani lokaci ya fi na asali kumfa tunda cusa masa akayi. Abinda basa iya gyarawa shine ƙarshe, ka jira sai ya kusa cinyewa, jabu anan yake tona kansa, sai kaji ƙaurin roba ko gam ko kwali. Tsohon na daji kuwa har ƙarshe da sauran zaƙi a ciki, kuma in ka turara shimag ɗinka, ƙyallen rufe kai, ka rataye, gobe ka ɗauka zaka ji shi.

Man ud kuma, duhunul ud, shi kam yana gyaruwa da ajiya da gaske. Kafin a dafa shi a tukunyar tatsa ana jiƙa garin itacen a ruwa kwanaki wani har makonni, shi yasa sabon man Hindi, na Indiya, yake zuwa da wari kamar na garken shanu, wanda bai sani ba sai yace ya lalace. In ya shekara ya shekara a kwalba a rufe a wuri mai duhu sai wannan kaifin ya kwanta, ƙamshin ya haɗe ya zama ɗaya. Mutane sun ɗauka in yayi baƙi yayi kauri shine tsoho, toh masu ha'inci ma sun san haka, sai su bar kwalba a buɗe a rana ko su haɗa da wani mai mara ƙamshi don yayi kauri ya kuma ƙara yawa. Ka ɗiga kaɗan a bayan hannunka ka murza ka cigaba da aikinka, ka shinshina bayan minti 10, bayan awa 1, bayan la'asar. Na asali fata tana shanye shi kuma yana ta juyawa, mai haɗi yana zama yana maiƙo yana danƙo kuma ƙamshinsa guda ɗaya ne tun farko har ya mutu. Ko ka ɗiga a farar takarda ka ajiye kwana biyu ka ga irin tabon maiƙon da zai bari. Tola ɗaya giram 11.66 ce, kwalabenmu kuma mil 12 ne tola, 6 rabi, 3 rubu'i, ka haddace wannan don kar a ruɗa ka a lissafi. Kuma mai baya zama a roba, sai gilashi.

Sai maganar sabon shiga. Ni ra'ayina, kuma wasu abokan sana'a basa so ina faɗa, wanda bai saba ba asara ce ya fara da mai tsada, hancinsa bai kai ya rarrabe ba, zai ɗora a jan garwashi ya ƙone riyal ɗari biyar cikin minti biyu yace an cuce shi. Ka fara tambayarsa me zai yi da shi, ɗakinsa ne, majalisin baƙi ne, masallaci ne ko tsaraba zai kai gida. In na ɗaki ne ka bashi daƙƙa, ƙananan ɓarɓashin da ke fita wajen feƙe manyan guntaye, itace ɗaya ne ƙamshi ɗaya, girman ne kawai ya rage masa kuɗi, wallahi daƙƙar kaya mai kyau ta fi babban guntun banza. Ko ka bashi Maroki, wanda ke zuwa daga Merauke can Papua ta Indonesiya, ƙamshinsa mai sauƙi ne baya ɗaga kai kuma ana samunsa daraja daraja. In majalisi babba ne ko biki yana son hayaƙi ya cika wuri, muhassan ya ishe shi, amma ka buɗe baki kace masa Alhaji wannan muhassan ne, itacen gaske ne aka ƙara masa ƙaro. Annabi sallallahu alaihi wa sallam yace wanda ya ha'ince mu baya cikinmu, hadisin yana Muslim. Alhazanmu na Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram suna wuce mahalli goma su shigo namu don sun ji Hausa, su miƙo guzirinsu basu ko taya ba, kar ka kuskura ka ci amanar wannan. Mai tsarabar mutum 20 da kuɗi kaɗan ka nuna masa ma'amul ko mabsus ya raba, ka faɗa masa turaren wuta ne na haɗi.

A mai kuma kar ka fara masa da Hindi, ka bashi Kambodi ko Tarad na Tailan masu zaƙi, rubu'in tola ya isa, in yaji daɗi zai dawo da ƙafarsa. Kuma kowa ka ƙona masa ya ji kafin ya biya, daga cikin wanda zaka auna masa ba daga wata kwalbar gwaji ba. Ka kuma tuna masa kar ya kunna gawayi a ɗaki rufe da mukayyif, wato na'urar sanyi, ya kwanta, ya buɗe taga, mai asma da jariri a nisanta su da hayaƙin.

Kai kuma naka na koyo, kar ka sayi uƙiya guda, wato kusan giram 30, ta abu ɗaya. Ka ɗauki giram 3 ko 4 na kala uku, Maroki, Kalimantan da mazru'u ɗaya, kowanne a ƴar kwalbarsa ka rubuta suna da kuɗin da ranar. Ka riƙa ƙonawa bayan asuba kafin ka sha shayi ko ka shafa turare, lokacin hanci yana garau, kala biyu a zama ɗaya sun isa, na uku hanci ya gaji. Ranar hutunka ka sauka Balad, tsohon garin Jidda, ka bi Shari'u Gabil da Suƙul Alawi, ka tsaya wajen tsofaffin nan ka gaishe su kace yaron mahalli ne kana koyo, da yawansu zasu ɗora maka guntu kyauta su yi maka bayani, kai dai kayi shiru ka saurara kar ka nuna ka iya.

Gobe in Allah ya kaimu kazo da wuri kafin a buɗe, ka kunna gawayi biyu ka bari su yi toka. Zan fito da Kambodin da ke ƙasan durowata da wani mai fenti da na ajiye don irin wannan, in ɗora maka su ban faɗa maka wanne ne wanne ba, kai zaka faɗa min. Ka gaida mutanen gida.