Ka fara taka Surame kafin ka nemi bizar Jamus

Ɗana, saƙonka ya iske ni lafiya. Ka ce sakamakon WAEC ya fito da kyau, kana son ka taho Jamus ka yi digirin farko a tarihin zane da sassaƙa haɗe da ilimin tonon kufai, innarka kuma ta ce sai abin da kawunka ya yanke. To karatun dai ka yi shi, na goyi bayanka. Amma digirin farko ka yi shi a gida.

Batun kuɗi ba wasa ba ne. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati a nan ba su karɓar kuɗin makaranta, sai ɗan abin da ake biya kowane zango. Sai dai kafin a buga maka biza, a ƙa'idar da aka sa tun 2024, sai ka ajiye Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, ana sakar maka 992 duk wata. Juya shi zuwa naira ka karanta wa babanka, ka ga yadda zai gyara zaman hularsa. Da Jamusanci ake yin digirin, mai takardar sakandare kaɗai kuma galibi sai ya yi shekara guda ta share fage tukuna. Wasu sassan har Latin suke nema.

Ko da kuɗin na nan a ajiye, da ban canza magana ba. Ni da na yi abin da kake son yi, shekarata ta farko a Frankfurt ta ƙare ne a kan ginshiƙan Girka, gumakan Rum da zanen bangon coci-cocin Italiya. Ilimi ne, ban raina shi ba. Amma wata rana wani malaminmu ya ji ni Basakkwace ne, ya ja ni ofis ya buɗe mini hoton wani kan mutum na yumɓu, mai kaurin gira da ɗan gemu, idanunsa kamar yana jin barci. Ya ce, "Wannan daga ƙasarku ya fito, me kuke cewa game da shi?" Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Na tsaya ina murmushin jin kunya, mutumin da ya haddace sunayen masassaƙan Atina.

Daga baya na gane cewa irin waɗannan kawunan da ake kira salon Sakkwato kusan duk haƙar sata ce ta fito da su. Faransa ta sayi biyu na Nok, tsohuwar wayewar nan ta kudancin Kaduna, da ɗaya na Sakkwato, a shekarar 2000 gidan tarihi na Louvre a Paris ya baje biyu daga cikinsu, aka yi ta cece-kuce, daga ƙarshe Faransa ta yarda mallakar Najeriya ne, aro aka ba ta. Ɓarnar ta wuce satar kan. Wanda ya haƙa da dare ya watsar da gawayin da ke gefensa da tsingaron tukunyar da ke ƙarƙashinsa, alhali su ne za su faɗi shekarunsa da irin mutanen da suka yi shi. Dubi Nok. Da masana jami'ar Frankfurt da abokan aikinsu 'yan Najeriya suka fara haƙa a tsanake tun 2005, ƙwayoyin gero da suka ƙone ne suka nuna an yi noma a wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Kada ka zaci aikin tono tukunyar zinariya ne. Durƙuso ne tun hantsi, da ƙaramin cokalin magina da buroshi, kana kankare ƙasa kaurin ɗan yatsa, kana tankaɗe ta a rariya. Kowane tsingaro da ledarsa da lambarsa. Wata rana abin da za ka koma da shi masauki bai fi ƙashin akuya ba, da ciwon baya.

Wannan horon ana ba da shi a Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen ilimin kufai da ya daɗe. In Zariya ta yi nisa, ga sashen tarihi a Jami'ar Danfodiyo. Ka riƙe Larabcinka na allo da karatun ajami da hannu biyu, ka riƙa zuwa gidan tarihi na Waziri Junaidu kana duba rubuce-rubucen hannu. Ɗaliban nan da yawa za su ba da komai su iya karanta abin da kai za ka karanta kana kishingiɗe. Ka zauna da dukawa da majema ka ga yadda fatar jar akuya ke komawa jaka, ka tambayi masu ɗinkin babbar riga me ya bambanta aska biyu da aska takwas. Shi ma tarihin zane ne, ko da ba a rataye shi a bango ba. Da wannan a hannunka sai ka nemi digiri na biyu a nan, inda ake samun tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai baƙi tallafin karatu, wasu kwasa-kwasan ma da Turanci.

Na san za a ce maka karatun gumaka za ka yi. An faɗa mini ni ma. Ka amsa da ladabi cewa bincike ne ba bauta ba, kuma ganuwa da masallatai da rijiyoyi sun fi gumaka yawa a cikin aikin. Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne aikin yi yana da wuya, can da nan. Koyarwa ce ko hukumar gidajen tarihi, guraben kuma kaɗan ne.

Hutun ga da kake zaune, nemi wanda ya san hanya, a tabbatar lafiya lau take, ku je Surame wajen Binji, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16. Ka zagaya ganuwar duwatsun nan, ka ɗauki hoto, ka rubuta abin da idonka ya gani ka turo mini. Kada ka ɗauko ko da tsingaro ɗaya. Ka gaida innarka, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko.